Ƙwallon Dabino

Rumaisa tana jera ƙwallon dabino a inuwar rumfa,
ɗaya bayan ɗaya, daga gindin randa zuwa ƙafar gado.
Shekara tara ba ta ce Baba ba.
Ni na daina ƙirgawa,
mutanen Mai Wurno ne suke ƙirga mini.

Goggo Tasalla ta zo da rubutu a gorar roba
da sunan wani malami can bayan Sinnar,
na bakwai ke nan.
Ta sha gahawa kofi uku,
ta dubi matata ta wutsiyar ido,
ta ce, "Mu dai a danginmu ba a taɓa yi ba."
Nafisa ta ci gaba da shafa kisra a kan kasko.
Hayaƙi ne, in ji ta, ya shiga mata ido.

Ƙanena Yasin, wanda na goya a wuya
ranar da kogi ya cika ya shafe gonar albasa,
shi ya aiko da goron bikin 'yarsa:
"Ku zo ku biyu, Yaya, ka san kiɗa yana firgita ta."
Gaskiya ya faɗa, yana firgita ta.
Amma gaskiyar tana da ƙaya irin ta karfasa,
har yau tana maƙale a wuyana.
Na je ni kaɗai. Na ci shinkafa. Na yi murmushi a hoto.

Mahjub, da muka yi shekara goma muna jan koma ɗaya,
in mun haɗu a bakin ruwa sai ya riƙe hannuna ya ce,
"In kana bukatar wani abu, ka faɗa."
In ce me?
In ce ka zo ka zauna kamar da,
ka zagi farashin mai, ka cinye mini gyaɗa?
Ba a roƙon wannan.

Akwai masu tsayawa a bakin ƙofa:
"Ku 'yan Aljanna ne, Allah ne ya zaɓe ku."
Su naɗa mana rawanin haƙuri
su juya kafin a shimfiɗa tabarma.
Akwai uwar da ke janye ɗanta in mun wuce,
sai ka ce shiru cuta ce da ake ɗauka a iska.

Sai Hajja Sittana mai shayi a tasha.
Ba jini, ba aure, ko Hausarta a karye take.
Ranar Talata takan rufe tukunya da wuri,
ta shigo da ƙwallon dabino ƙulle a bakin mayafi,
ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ta riƙa miƙa wa Rumaisa ɗaya ɗaya.
Ba ta taɓa tambayar me likitan Madani ya ce ba.
Takan ce wa Nafisa, "Je ki kwanta."
Nafisa ta kwanta da takalmi a ƙafa,
ta yi barci irin na wanda aka sauke wa dutse.

Talatar da ta wuce ba ta zo ba.
La'asar ta yi, inuwar darbejiya ta kai bango.
Rumaisa ta jera layinta kamar kullum,
da ta iso tsakiya sai ta karkata shi,
ta zagaye wani fili,
daidai faɗin tsohuwa a zaune,
sannan ta ci gaba.

Na daɗe ina kallon wurin.
Na sa jallabiya, na ɗauki man zafi da lemo huɗu,
na fita ina tambayar yara gidan Hajja.
Shekara uku tana zuwa mana,
ban san ƙofarta ba.